Hayaƙin Asabar

Lempi Rautio ta kai shekara saba'in da bakwai ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai don haihuwa, wannan ma sau ɗaya. Bara ne mura ta kama ta a farkon sanyi. Ta raina ta kamar yadda ta saba raina duk abin da ba shi da haƙori, murar kuwa ta bi maƙogwaro ta sauka huhu. Kwana huɗu tana kwance a gidanta na ƙarshen titin Salo ba wanda ya sani, sai da mai raba wasiƙu ya ga akwatinta ya cika. Ta yi kwana tara a asibiti. Ranar da aka sallame ta, ɗanta Curtis ya tsaya a ƙofar kicin ya yi magana da muryar nan da 'ya'ya kan koya in sun wuce hamsin. Ya ce in aka sake irin wannan, za ta koma wurinsu a birnin Green Bay. Har sun gyara mata ɗakin ƙasa, matarsa ta sa labule mai furanni.

Lempi ta san ɗakin. Tagarsa ɗaya ce, kuma ba abin da ake gani ta cikinta sai tayoyin motoci.

Saboda haka da kaka ta zagayo, ganye ya yi ja ya fara zuba, iskar tafki ta fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai Lempi ta ɗaura ɗamara. Ita ce ta farko a layi ranar da aka fara allurar rigakafin mura. Kullum da safe cokali guda na man hantar kifi, ta haɗiye tana hararar bango. Tafarnuwa a miya, tafarnuwa a kan burodi, zuma da citta a ruwan zafi. Ga kindirmon nan nasu mai yauƙi, wanda kakarta ta zo da irinsa daga Finland a bushe jikin hankici. Ga kuma ƙwayoyin da Curtis ya aiko, waɗanda aka rubuta a kwalinsu cewa suna ƙarfafa garkuwar jiki, tare da wani ɗan akwatin roba mai murfi bakwai, kowane murfi da sunan ranarsa.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ta zauna ta yi nazari, ta gano cewa mura ba daga iska take zuwa ba, ko me uwarta ta sha faɗa game da fita da jiƙaƙƙen gashi. Mura ƙafa biyu gare ta. Tana sa hula, tana miƙa hannu a gaisa, tana tambayar lafiyarka bayan ta gama shafa maka. Don haka ta yanke hulɗa da jama'a har zuwa narkewar ƙanƙara. Ta aika wa fasto cewa Allah ya san inda gidanta yake. Ta daina zuwa ɗinkin bargo na ranar Laraba. Cefane a kawo a ajiye mata a baranda. Talabijin ma ta kashe, don ba abin da yake yi sai lissafa mata waɗanda suka kamu. Ta sauko da littattafan da ta yi shekaru tana cewa sai ta sami lokaci, ta kuwa gano cewa rabinsu ba lokaci suka rasa ba, daɗi suka rasa.

Abu ɗaya ya rage, ɗakin sirace na bayan gida, sauna ɗin da marigayi mijinta Arvid ya gina tun kafin ya gama rufin gidan kansa. Wannan ba za ta bari ba, don tun tana yarinya ta san zufa ce rabin lafiya. Matsalar hayaƙin ce. A titin Salo ba a gayyatar kowa sauna da baki. Ranar Asabar da la'asar, in hayaƙi ya tashi daga bututun wani, shi ke nan an gayyata, duk wanda ya hango ya saɓa tawul ɗinsa ya taho. Mata su fara shiga, maza su biyo baya, a ƙare da gahawa da burodi mai zaƙi a kicin. Shekara arba'in hayaƙin gidan Rautio ake dubawa, domin gidan a kan tudu yake, kuma Arvid ya iya zaɓen duwatsun murhu. Hayaƙin sauran ranaku kuwa hayaƙi ne kawai, ba ya kiran kowa. Sai Lempi ta mai da wankanta Alhamis. Asabar uku maƙwabta suna ɗaga kai suna ganin sarari fes, suka gane, suka ji haushi, suka yi shiru yadda mutanen wurin suka iya.

Wanda ba ya zuwa coci, ba ya zuwa ɗinki, ba ya kallon labarai, ranakunsa duk fuska ɗaya gare su. Ba da niyya ba, Lempi ta koma duba ranar mako a jikin akwatin ƙwayoyi. Murfin da ke cike na gaba, shi ne yau. Akwatin bai taɓa yi mata ƙarya ba, sai dai abin da aka sha yake ƙirgawa, ba kwanakin da suka wuce ba. A makon da take haƙar dankalinta na ƙarshe, safiya biyu ta fita lambu ba ta buɗe shi ba.

Wata safiya akwatin ya ce Alhamis. Da ƙarfe biyu ta hura wuta, ta cika tukunyar ruwa, ta jiƙa tsintsiyar ganyen da ake bugun jiki da ita. Wajen ƙarfe huɗu duwatsu sun yi. Ta fito da bokiti a hannu sai ta hango motar Signe Heikkila, ƙawarta tun aji ɗaya, tana hawo tudu a hankali. A bayanta akori-kurar Urho Perala, tsohon maƙwabcinta na gangare, a bayansa kuma wata motar. Abin da ya fara zuwa mata shi ne an yi mutuwa. Sai suka fara fitowa, kowa da tawul a kafaɗa.

"Ashe kin huce," in ji Signe tun daga nesa. "Mun ɗauka sai kin binne mu za ki sake hura wutar Asabar."

Kalmar ta sauka a kan Lempi kamar ruwa a kan dutsen murhu. Ta ƙirga a zuciyarta, ta tuna dankalin, ta gane. Saura kaɗan bakinta ya suɓuce ta ce ai yau Alhamis, ku koma gidajenku. Abin da ya riƙe harshenta shi ne 'yar Signe aminiyar matar Curtis ce, kullum suna kan waya. Maganar da aka yi a tudun nan da la'asar, a Green Bay take cin abincin dare. Mura ana warkewa. Tsohuwar da ta ɓata ranar mako kuwa, babu likitan da ke sallamarta. An gudu gara, ga zago a bakin ƙofa.

Ta ajiye bokitin, ta gyara tsayuwa. "To da wa kuke jira ya hura muku? Ku ƙaraso. Amma bana akwai doka."

A tsaye a wurin ta ƙirƙiro dokar. Kowa ya wanke hannu da sabulu a famfon baranda, kowa ya sha cokali guda na man kifi kafin ya taka mata kicin. Mutum shida ne, mafi ƙarancin shekaru a cikinsu ya wuce sittin da biyar, suka jeru kamar 'yan makaranta suna yamutsa fuska. Da layi ya zo kan Urho, sai ya juya baya ya yi atishawa cikin hularsa.

"Urho, me na ji?"

"Ƙurar ciyawa ce, Lempi."

"Rabonka da saniya shekara goma sha biyar."

"Ƙurar ce mai naci," in ji shi. Ta ba shi cokali biyu.

Mata suka shiga. Sauran mata biyun ba su jure zafi, bayan ɗan lokaci suka fita shan iska, aka bar Lempi da Signe a bencin sama. Signe ta jingina da bango, ta rufe ido, ta tambaya kamar mai tambayar kuɗin ƙwai.

"Ranar me kika ɗauka yau?"

Lempi ta juya wajen murhu. Ta ɗebi ludayi cike ta watsa wa duwatsu, ta ƙara wani, tururi ya taso yana cizon kunne. Niyyarta zafi ya kori tambayar da mai tambayar. Amma Signe ta yi shekara hamsin da ɗaya tana auren mutum mai gardama, tururi ba zai ɗaga ta ba. Ta jira ya lafa, sannan ta ce shekara arba'in tana hawo tudun nan ranar Asabar, ba ta taɓa shiga kicin ɗin Lempi ba ta ji ƙamshin burodi ba sai yau. Yau kuwa kicin ɗin warin tafarnuwa yake kamar bakin maye.

"Alhamis," in ji Lempi, tana kallon yatsun ƙafarta.

"Kwana biyu kawai? Ke ai yarinya ce. Watan jiya na sa kayan coci na tafi ranar Litinin. Minti ashirin ina zaune ni kaɗai ina tsine wa mutanen zamani da suka bar ibada."

Lempi ta so ta yi dariya, tsoro ya hana. Ta ce in maganar nan ta kai kunnen Curtis, to Signe ta shirya zuwa gaishe ta a ramin Green Bay. Signe ta ce ita ma tsufa ya kama ta, mantuwa gare ta sosai, amma mantuwar tata tana da sharaɗi. Muddin tana ganin hayaƙi a tudun nan kowace Asabar, ba za ta tuna komai ba. Ranar da ta duba ba ta gani ba, ba ta san abin da zai faɗo mata a rai ba in 'yarta ta kira. Lempi ta ce wannan ai fashi ne da rana tsaka. Signe ta ce ƙwarai kuwa. Ta ƙara da cewa akwai burodi biyu a kujerar bayan motarta, na shan gahawar coci ne na gobe, za ta shigo da su ta ƙofar baya kafin maza su fito. Fasto ya yi azumi, ai aikinsa ne.

Haka aka yi. Aka yanka burodin Signe a farantin Lempi, Urho ya ci yanka uku ya ce hannun Lempi daban ne, duk titin ba mai gasa irin wannan. Signe ta ce gaskiya ne. Lempi ta zaunar da shi can bakin ƙofa, ta buɗe taga kusa da shi, ta sa ido a kan kofinsa, da suka tafi ta tafasa kofin sau biyu. Ta yi niyyar kwana tana jin haushi, amma barci ya ci amanarta, ta yi irin wanda rabonta da shi tun kafin asibiti.

Daga nan hayaƙi ya koma tashi ranar Asabar. Kowace Juma'a da yamma waya takan yi ƙara, Signe ta ce, "Gobe Asabar, tsohuwa," ta ajiye ba sallama. Lempi takan kwaɓa fulawa tana gunaguni. Dokar sabulu da cokali ta zauna, har wani ya fara zuwa da nasa cokalin. Wanda ya ji tari ya kama shi sosai yakan aiko a ce ba zai zo ba, abin da ba a taɓa yi ba a zamanin Arvid, lokacin da ake ganin zuwa da mura jarumtaka ce. Ta lura siket ɗinta ya daina zamewa daga ƙugu. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce mata ga dalili.

Murar ta zo a mako na huɗu, ranar Litinin, ana saura kwana biyar a buɗe farautar barewa, lokacin da Curtis yakan zo kowace shekara. Ta tashi maƙogwaro kamar an goge shi da yashi, hanci na zuba. Wa ya kawo, Allah masani, amma ta ɗora wa Urho, tunda dama shi ta tanada. Ta zauna a bakin gado tana sauraren ƙirjinta kamar mai sauraren ɓarawo a soro. Duk man kifin nan, duk tafarnuwar nan, ga inda aka ƙare.

Washegari Signe ta kira tana neman irin kindirmo, nata ya mutu. Kalma uku Lempi ta faɗa, Signe ta ajiye wayar. Kafin awa ɗaya tana bakin ƙofa da takunkumi a fuska da tukunyar miyar kifi da dankali. Lempi ta ce ba inda za ta je. Signe ta ce ta ji, ta miƙa mata rigar sanyi. A ƙaramin asibitin gari wata likita, wadda ba ta kai shekarun takalman Lempi ba, ta saurari bayanta sama da ƙasa, ta ce huhu fes, mura ce irin ta kowa. Ta huta, ta sha ruwa da yawa, ta bar sauna sai zazzaɓi ya sauka, in numfashi ya yi nauyi ta dawo a ranar. Da suka koma suka tarar Urho ya cika akwatin ice na kicin, ya tafi ba tare da ya bari an gan shi ba. Lempi ta ce wannan alamar mai laifi ce.

Curtis ya iso ranar Juma'a. Ta taga ta ga bindigarsa da jar rigarsa ta farauta, ta kuma ga kwalaye a ninke, an ɗaure su da igiya, sun kai ashirin. Ya ce na kwashe tsofaffin kayan Baba ne daga ɗakin ajiya. Ta haife shi, ta san ƙaryarsa tun yana ɓoye wake a ƙarƙashin faranti. Kwalayen nan na kwashe kayanta ne. Zazzaɓin ya sauka, amma muryar ta dishe, hancin ya yi ja, ba abin ɓoyewa. Ya ji gaisuwarta ya tsaya da jaka a hannu.

"Mama."

"Mura ce. Ka shigo ka rufe mini ƙofa."

Ya shigo ya rufe ƙofar. Ya buɗe firij ya duba, ya leƙa akwatin ice, ya karanta takardar likita da ke kan tebur sau biyu. Suka ci miyar kifi suna maganar tayoyin ƙanƙara.

Ranar Asabar ya shiga daji tun asuba, ya dawo da ƙarfe uku hannu rabbana, ya tarar hayaƙi na tashi a bayan gida. Urho ne ya hura, ba wanda ya sa shi. Motoci suka hawo tudu. Signe ta hana Lempi shiga, don haka ta zauna a kicin cikin bargo, nesa da kowa, kwalbar man kifi a gabanta, tana nuna wanda bai sha ba da tsinin cokali. Curtis ya ce shi ai ɗan gida ne. Ta ce doka ba ta san ɗan gida ba. Ya sha, tsofaffi suna masa dariya, Urho yana tuna masa ranar da ya gudu daga sauna tsirara yana ɗan shekara biyar.

Da mata suka fito, maza suka shiga, Curtis a tsakiyarsu. Lempi ta ja kujera kusa da taga. A sauna ba a faɗa, ba a ɗaga murya, amma a nan ake yanke duk abin da ba a iya yankewa a tebur, kuma ba ta da wakili a ciki sai Urho, mutumin da bakinsa ba shi da linzami. Ta dubi Signe. Signe tana yanka burodi, ba ta ɗago ba, ta ce ita ba ta tuna komai, ta daina kallonta haka kada ta yanke yatsa. Suka fi awa ɗaya a ciki. Ƙofar ta buɗe sau biyu, tururi ya fito, aka sake rufewa.

Curtis ya fito jawur kamar dafaffen gwoza, ya sha gahawa kofi biyu, ya raka baƙi har motocinsu. Rana ta kusa faɗuwa ya dawo ya zauna a kujerar ubansa, yana juya kofi a hannu.

"Baba Urho ya ce kwana biyu da farawa aka kai ki wurin likita."

"Ɗaya da rabi. Urho bai iya lissafi ba."

"Bara kwana huɗu ne, Mama. Kuma mai wasiƙu ne ya kira ni."

Ta ce ta sani, ai tana wurin. Ya ajiye kofin. Sannan ya ce shi dama ba murar ce take hana shi barci ba, ko a Green Bay ana mura, matarsa ma yanzu haka tana kwance da ita. Ya ce Urho ya nuna masa cewa daga tagar kicin ɗinsa ana hango fitilar barandar gidan nan, Signe kuma ta ba shi lambar wayarta ta ce ya daina bi ta hannun 'yarta. Ya shafa kai, ya ce to, a bar maganar tukuna, a ga bazara.

Lempi ta san bazara za ta zo da maganar a bakinta, 'ya'ya ba sa mantuwa da alherin da suka ƙudura za su yi maka. Amma a ƙasar nan tsakanin farautar barewa da bazara wata shida ne, wani lokaci har da ɗoriya, kuma mai shekara saba'in da takwas ba ya raina wata shida. Ta fyace hanci, ta tura masa farantin burodi.

Ranar Litinin yana ɗaure kayansa ya tsaya a kan kwalayen, ya tambaye ta ko ya koma da su.

"Sauke su a bayan sauna, inda ruwa ba ya taɓawa," in ji ta. "Icen bana ɗanye ne, ba ya kamawa sai da kwali."